Katangar Gidanmu ta Zaitawa

Zaitawa, Kano.

Yaya Isyaku,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma ruwan Fatakwal bai tayar maka da ciwon ƙafar nan ba.

Saƙonka ya iso, cewa in sayar wa Alhaji Kabiru gidan in huta. Yaya, ka gafarce ni, ba zan iya ba. Tun da ya rushe gidan maƙwabta ya haƙa tushen benensa, katangarmu ta tsage, ya kuma toshe rariya, ruwa yana kwana a ɗakin marigayi Baba. Mai unguwa ya zaunar da mu, Alhaji ya ce mace mai zawarci ba ta ja da shi.

Sai na yafa mayafina na fita neman lauya. Na farkon ya ce shi shari'ar masu laifi yake yi, in nemi mai shari'ar gidaje da filaye. Na biyun ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba, sai tambaya yake ina namijin gidan. Na ce masa ga ni. Na fito.

Wata ma'aikaciyar kotu ce ta kwatanta mini ofishin Barista Shamsiyya a Gwammaja, saman wani shagon magani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Mama, mu je in gani da idona.” Ta biyo ni lungunmu a ƙafa, ta tattare zaninta ta shiga cikin taɓon. Ita na ɗauka.

Ka gaida Binta da yara.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa.

Zaitawa, Kano.

Yaya Isyaku,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinka! Kotu ta dakatar da ginin, ta umarci Alhaji ya buɗe rariya, ya sake mana katanga.

Da ka gan ni ranar! Barista ta ce kada in haddace komai, in faɗi abin da na sani. Na miƙe, da lauyan Alhaji ya ce katangar dama ta tsufa, na ce masa ƙasar Kano ba ta tsufa sai an tone mata gindi. Har alƙali ya murmusa. Ni da ko a taron suna ba a jin muryata!

Magina sun fara aiki. Alhaji ya gaishe ni jiya, na amsa masa da kyau, don maƙwabci ne.

Ɗazu Turai mai ƙosai ta shigo tana kuka, an gine mata hanyar shiga gida. Na ce ta share hawayenta ta nemo mayafi. Gobe ni zan kai ta Gwammaja.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa.