Kwalbar Ligas a Cikin Fulas

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya yara?

Ni dai lafiya ƙalau, aikin bincikena ne ba lafiya. Kin san ligas, sinadarin da ke ɗinke guntayen DNA su zama zare guda. Nawa ya ƙi ɗinke komai, na Dogo kuwa, abokin teburina a ɗakin gwaji, sai ka ce tela. Firiza ɗaya muke ajiya. Kullum yana wani murmushi, wai "Ɗauki nawa mana." Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Zuciyata ta ba ni taɓa kwalbata yake yi. Na sayi sabuwa, na ɓoye ta inda hannunsa ba zai kai ba.

Ki gaida mutan gida.
Autarki

Auta,

Bayan gaisuwa. Tun kina ƙarama, in takalminki ya ɓata sai kin ce sata ne. Gwaji kan ƙi da farko ba da hannun kowa ba. Ina kika ɓoye sabuwar?

Allah ya taimaka.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. A fulas ɗina take, cikin ƙanƙara. Da ita nake zuwa, da ita nake komawa gida. Duk da haka ta ƙi aiki, kin ga ke nan har jakata yake lalubawa. Na kai ƙararsa wurin Malaminmu. An hana shi shiga ɗakin gwaji, bana ba zai kammala karatu ba.

Autarki

Auta,

Gaisuwa a tsaitsaye. Wane fulas? Wanda shayi ke hucewa a ciki kafin azahar? Fulas ɗin da ba ya riƙe zafi ai ba zai riƙe sanyi ba. Aikina ke nan a ɗakin magani, adana abin da zafi ke kashewa. Ligas ba ya jure narkewa da sake daskarewa kullum. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ki je wurin Malam tun kafin ki ajiye wannan takarda.

Yayarki

Yaya,

Na je. Malam ya ce a kira shi, amma Dogo ya riga ya kwashe kayansa, wayarsa a kashe. Kwalbarsa kawai ya bari, a ɓangarena na firiza.

Na gwada ta. Ta ɗinke.

Ki sa ni a addu'a.
Auta