Wayar da Ba Kai Ka Murɗa Ba

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma in ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba. Ni kuma na bar ciranin Kano, na dawo Matameye gaba ɗaya.

Ka san abin da ake faɗa a tasha? Wai haɗe-haɗenka ne ya kashe ka. Kai da ka ɗauko altanater ɗin tsohuwar mota, wato abin cajin batirinta, ka ɗaura masa injin ban ruwa, ka ƙera ɗan akwatin nan cikin gwangwanin sardin, mai yanke wuta da zarar batir ya cika! Direbobin garuruwan Dawce da Ɗan Barto sun shekara nawa suna caji wurinka? Batirin wa ya taɓa kumbura?

Mai yaɗa zancen kuwa Ilu ne, abokinka na garaji, wanda ka sa nake ce wa Baba.

Na buɗe gwangwanin. Na tarar an tsallake shi da guntuwar waya, an murɗa ta da hannu, don caji ya yi sauri ranar kasuwa. Shi ya sa batirin ya tafasa har ya tarwatse a fuskarka. Baba, yaushe ka taɓa murɗa waya? Kai da ko fitilar keke sai ka liƙe da dalma! Banda ku biyu wa ke taɓa injin nan?

Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa lahira, amma nan duniya wallahi ban yafe ba.

Ban taɓa gaya maka ba: duk lokacin da kake liƙe-liƙenka ina yi kamar ban damu ba, hannunka nake kallo. Na sake ƙera akwatin, na kafa rumfa daidai ƙofar garajin Ilu. Duk wanda ya kawo batir sai na nuna masa wayar nan, in gaya masa inda na same ta. Yanzu Ilu wuni yake yana korar ƙuda, 'yan batiran da ake kai masa kuma sai kumbura suke.

Jiya, don rashin kunya, ya aiko wai in ƙera masa akwati irin naka. Na naɗe wayarsa cikin tsumma na aika masa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Ka huta.

Ɗanka da bai yafe ba,
Sani