Igiyar da Ba a Kwance Ba

Daren Asabar, 15 ga Maris, 2014

Yau muka kai yaranmu na unguwar Arba wa Nus bakin Kogin Nilu a unguwar Zamalek, wajen 'yan tseren jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, waɗanda suka haɗa kai da ƙungiyarmu wai za su koya musu tuƙi.

Ni a Yawuri na tashi. Babana ba ya ɗaukar yaro a kwalekwale sai ya tambaya ko ya iya iyo. Waɗannan ko sau ɗaya ba su tambaya ba. Riguna masu tambarinsu suka raba, suka jera yaran cikin jirgi, mai hoto na ta "Yalla, maza ku yi dariya!" Ni idona na kan igiyar da ta ɗaure jirgin. Har muka tashi ba a kwance ta ba.

Na yi wa shugabarmu Hajiya Sakina magana. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Bilkisu, iska ce babu." Alhali da hannu biyu nake riƙe da mayafina!

A mota ƙaramarsu, Nusaiba, ta ce, "Anti, yaushe za mu shiga tsakiyar ruwa?" Na ce mako mai zuwa. Ga shi har na fara taya su ƙaryar.