Maganin da Kika Ɓoye

Yaya,

Sannu da aiki, babbar likitar gidanmu. Na tsinci maganin ciwon dajina a gwangwanin madara inda kika ɓoye shi, wai shi ya feso min ƙuraje a fuska. Gaskiyarki, shi ne. Likita ma ya faɗa tun ranar farko, kina gefe kina latsa waya. Ya ce in shafa man da ya rubuta, in guji rana, kada in tsallake ko ƙwaya ɗaya.

Na sha na yau, na wuce asibiti kina barci. Kada ki ƙara taɓa min magani. Gara ki yi shekara ashirin kina kallon ƙurajena, da ki wanke gawata fuska sumul.

Ƙanwarki