Lambar da Auta Ya Haddace

Daga: Tsohuwar malamar makaranta, matar marigayi Mai Agogo,
Gida na huɗu daga famfo, titin bayan makarantar firamare.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaba,
Ofishin Karɓar Koke-koken Masu Amfani da Wayar Salula.

Litinin, 6 ga Mayu, 2024.

Game da: Rufe layin wayar marigayi mijina, da shirin sayar wa wani lambar ranar 2 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a kan kamfanin wayar da na rubuta sunansa, tare da lambar da ake magana a kanta, a takardar da na maƙala. Shekaruna sittin da tara. Talatin da huɗu daga ciki na yi su ina koyar da nahawu da rubutun wasiƙa, saboda haka in an ga na tsaya a kan kalma ɗaya na ƙi motsi, a yi mini uzuri. Aikina ne ya bar ni da wannan hali.

1. Mijina mai gyaran agogo ne, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Agogo. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da ya sayi layin nan da sunansa. A lokacin Auta, ɗanmu na ƙarshe kuma namiji tilo bayan mata biyu, yana da shekara tara, ga shi da yawon tsiya. Don tsoron kada ya ɓata a kasuwa, sai na zaunar da shi a bakin ƙofar kicin na sa ya haddace lambar da waƙa, yadda ake haddace sau biyu-biyu. Sai da muka kwashe mako guda, domin Auta ba mai kan karatu ba ne. Ni da kaina na taɓa ba shi uku bisa goma a aji huɗu, kuma tun daga ranar, in ya kira, ba ya fara da komai sai: "Malama, daƙiƙinki ne." Da Mai Agogo ya rasu a shekarar 2018, wayar ta dawo hannuna. Ban taɓa barin layin ya kwana biyu babu amfani ba.

2. Auta soja ne, kofur. Ranar Juma'a, 11 ga Nuwamba, 2022, ya kira ni a wannan layi ya ce za su fita aiki, kada in ji shiru in tayar wa matarsa hankali. Ranar 9 ga Janairu, 2023, wasu hafsoshi biyu suka zo suka zauna a kujerun falona, suka ƙi shan ruwan da na kawo, suka miƙa mini wasiƙa. Na karanta ta sau uku a gabansu. Ba ta ce ya rasu ba. Cewa ta yi "ba a san inda yake ba". Suka ba ni jakarsa: riguna biyu, takalmin wanka, hoton 'yarsa, da wayarsa, don ba a barin su fita aiki da waya.

Ina roƙon Mai Girma ya tsaya a nan kaɗan. Wayarsa tana cikin durowata. Ke nan duk inda yake, in yana nan, babu lambar kowa a tare da shi sai wadda ke cikin kansa. 'Ya'yan yanzu ba sa haddace lamba, waya ke riƙe musu. Ko ta matarsa bai riƙe ba, sun sha yin faɗa a kan haka a gabana, tana cewa ya haddace lambar bindigarsa amma ya kasa ta uwar 'yarsa. Lamba ɗaya tak Auta ya sani a duniya, ita ce wadda na cusa masa a bakin ƙofar kicin.

3. Ranar Litinin, 4 ga Maris na wannan shekara, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsintar wake a tsakar gida na duba wayar na ga sandunan sabis sun ɗauke. Na cire batir na mayar, na goge sim da bakin zanena, na hau matakalar soro kamar wata yarinya. Shiru. Washegari na je ofishin kamfanin. Na karɓi lamba ta arba'in da bakwai, na zauna a kujerun ƙarfe masu sanyi har azahar. Ma'aikaciyar taga ta uku, wadda ba ta kai 'yata ta biyu ba, ta danna kwamfuta ta ce an rufe layin ne saboda ana sabunta rajista, sai mai layi ya zo da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Na ce mata mai layi ya shekara shida a ƙasa. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "To, Mama, ko zuwa jibi ne ya daure ya zo." Ban riƙe ta a rai ba. Ta faɗi jimlar nan sau ɗari tun safe, kunnenta ya daina jin amsa. Da ta gane abin da ta ce, ta rufe baki da hannu ta yi ta ba ni haƙuri.

4. Ranar 19 ga Maris na koma da takardar shaidar rasuwar mijina da ta aurenmu. Manaja ya shigar da ni ofishinsa, ya ba ni kujera mai taushi, ya kira ni Mama sau goma sha biyu, na ƙirga. Ya ce abu ne mai sauƙi: a cike fom na mayar da layi ga magaji, duk magada su sa hannu, shi ke nan. Magadan Mai Agogo mu huɗu ne. Ni na sa hannu. 'Ya'yana mata sun sa. Layi na huɗu na nan fari fat, na Auta ne. Na nuna wa manaja wasiƙar sojoji. Ya juya ta gaba da baya ya ce kwamfutarsu gurbi biyu kawai ta sani: magaji ya sa hannu, ko magaji ya rasu. In ya rasu, a kawo takardar shaida. Na je wurin sojoji ranar 16 ga Afrilu, suka ce ba sa ba da takardar mutuwa ga wanda ba su tabbatar ba, kuma a wannan, ranka ya daɗe, na ga gaskiyarsu. Na koma wa manaja. Sai ya rage murya ya ce akwai hanya: in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa ɗana ya rasu, a buga hatimi, kafin la'asar layina ya dawo.

5. Wannan shi ne ainihin ƙorafina. Ina son layin ne don in ɗana yana raye ya same ni. Kamfani kuma ya ce ba zai ba ni ba sai na ɗaga hannu a gaban alƙali na rantse ya mutu. Na juya maganar nan ta kowace fuska, yadda nake juya jimla a allo, ban ga inda ta miƙe ba.

Ban rasa masu shawara ba. Ƙanin mijina, wanda ya yi ritaya a matsayin magatakardan kotu, kuma har yau yake magana kamar yana karanta hukunci, ya ce mini, "Yaya, takarda ce fa kawai. Ni na buga irinta ta fi dubu, ban ga wadda ta kashe kowa ba." Na ce masa shi ya sa kotunku ta zama abin da ta zama. Bai sake shigowa gidana ba sai bayan mako biyu. Maƙwabcina Saje, tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya ce tun ranar da yaro ya sa kaki ya zama ɗan gwamnati, iyaye ba su da ta cewa. Na ce in ɗan gwamnati ne, gwamnati ta zo ta cike layi na huɗu. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya juya fuska ya daɗe yana gyaran sandarsa. Babbar 'yata ta sayo mini sabuwar waya mai shafawa da sabon layi, ta ce, "Mama, don Allah ki sa wa ranki salama." Wayar tana da kyau. Auta bai san lambarta ba.

Surukata, matar Auta, ita kaɗai ce ba ta ba ni shawara ba. Ranar da na dawo daga wurin manaja ta karɓi mayafina ta ninke, ta tambaye ni a hankali ko na rantse. Na ce a'a. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Har yau ban san ko kukan daɗi ta yi ko na baƙin ciki ba, kuma ban ga ina da ikon tambaya ba.

6. Kada Mai Girma ya ɗauka tsohuwa ce ta ruɗe. Na san lissafi. Wata goma sha takwas ke nan ba labari, na kuma san yadda irin wannan ya saba ƙarewa. Ban ce ɗana yana raye ba. Na ce ban sani ba, sojoji ma ba su sani ba, manaja kuwa ko fuskarsa bai taɓa gani ba. Kowa na ce mini haƙuri, kamar haƙuri da ƙarya abu ɗaya ne. Haƙurin ina yin sa tun asuba har dare. Ƙaryar ce ba zan yi ba.

Don cikar bayani: ranar 27 ga Agusta na bara, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira layin. Na ɗauka, babu magana, sai iska da wani abu kamar numfashi, daƙiƙa goma sha ɗaya, ta katse. Na kira sau tara, ba ta shiga. Mai yiwuwa kuskure ne, mai yiwuwa masu talla ne. Ba na kafa hujja da shi. Na rubuta ne kawai don ya faru.

7. Na karanta ɗan littafin sharuɗɗan kamfanin gaba ɗaya, da gilashin da Mai Agogo ke duba cikin agogo da shi, don rubutun ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Sashe na goma sha huɗu ya ce layin mamaci yana komawa ga wani cikin iyalinsa "da yardar magada". Yarda aka ce, ba a ce sa hannu ba, ba a kuma ambaci rantsuwa ba. Shekara huɗu Auta yana kirana a wannan layi bayan rasuwar ubansa, duk Juma'ar da ya samu sabis. Rumbun bayanan kamfanin zai nuna haka. In wannan ba yarda ba ce, ban san me kalmar ke nufi ba, kuma na koyar da ita.

A sashe na gaba aka ce layin da ya kwana casa'in a rufe za a mayar da shi kasuwa. Ma'aikatan suna kiran wannan "sakin layi". Shekara talatin da huɗu ina bugun tebur ina cewa yara su yi sakin layi in magana ta ƙare za a shiga wata. Ranka ya daɗe, wannan maganar ba ta ƙare ba. Kwana casa'in za su cika ranar 2 ga Yuni. Na duba kalanda, Lahadi ce, ranar da ofishinku ke rufe. Saura kwana ashirin da bakwai daga yau.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya umarci kamfanin ya dakatar da sakin wannan lamba har sai an yanke hukunci a kan kokena.

(b) A karɓi wasiƙar sojoji ta 9 ga Janairu, 2023, a madadin sa hannun magaji na huɗu, a mayar da layin da sunana, a buɗe shi. Fuskata da yatsuna suna nan, a ɗauka duk ranar da aka ga dama.

(c) A sa kamfanin ya ƙara gurbi na uku a kwamfutarsa, na wanda ba a san inda yake ba. Ranar da na je wurin sojoji mu bakwai ne a kan benci, kuma ba na jin ni kaɗai ce mai tsohuwar waya a jaka.

In kuwa doka ta ɗaure hannun Mai Girma har ba zai iya ko ɗaya cikin waɗannan ba, to ina da roƙo na ƙarshe, wanda na san babu shi a kowane sashe. Na maƙala wata 'yar takarda a cikin ambulan, na rubuta ta da manyan baƙaƙe. A taimaka a miƙa ta ga duk wanda ya sayi lambar. Ba ta da tsawo. Tana roƙonsa ne, in wata rana wani mutum ya kira da muryar da ta gaji ya ce "Malama, daƙiƙinki ne", kada ya ce masa ya kira lambar da ba daidai ba. Daidai ya kira, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya ce masa Malama tana nan, ba ta tashi daga gidan ba, 'yarsa ta shiga makaranta, sannan ya karanta masa sabuwar lambar da ke ƙasan takardar. A hankali zai karanta, sau uku ko huɗu. Yaron ba ya kama abu da wuri.

Ina jiran amsar Mai Girma. Tsohuwar wayar tana kan kantar da ke kusa da taga, a jikin caji. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya ba shi ikon yin adalci.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Malama, matar marigayi Mai Agogo,
mahaifiyar kofur ɗin da ba a san inda yake ba.

An maƙala: takardar sunan kamfanin da lambar, fom mai sa hannu uku, kwafin wasiƙar sojoji, takardar shaidar rasuwar mijina, da ambulan ɗaya ƙarami.