Ragar Marigayi Garba

Daren Asabar, Argungu

Yau ƙungiyarmu ta ƙwallo, Bakin Gulbi, ta yi bikin ɗaura sabuwar raga da sunka sayo Birnin Kebbi. Mai lasifika ya tashi ba da tarihi, wai 'yan boko ne sunka kafa ƙungiyar. Ƙarya ne! Mu bakwai ne, masunta da manoma, muna buga ƙwallo a fadama in an girbe shinkafa. Marigayi Garba, golanmu, shi ya yanke tarun kamun kifin gidansu ya yi mana raga, har ubansa ya kore shi kwana uku. Ko sunansa ba a ambata ba.

Na iske tsohuwar ragar yashe bayan fili, awaki na tattaka ta. Na naɗe ta na ɗora a kai.

Kyaftin Bello ya biyo ni. "Baba Ɗanjuma, ina za ka da wanga tsumma?"

Na ce, "Tsumman ya girmi ubanka." Na ba shi labarin Garba, ina faɗa ina haki.

Da na gama, ya ce in maido ta gobe a rataye bayan sabuwar.

Na ce sai na yi shawara. Amma ga ni zaune da zare, na ɗinke wuri uku, saura biyu.