In'inata ce ta tona ni

Daren Laraba

Allah ya isa tsakanina da Bishir ɗan jarida. Sai da ya rantse mani ba wanda zai gane ni, sannan na ba shi labarin yadda na daina shan kodin. Ya rufe fuskata a bidiyon, ya bar muryata. Wa bai san in'inata ba a unguwarmu ta Gobarau?

Yau shugaban makarantarmu ya ce, "Malam Kabir, ɗan huta tukuna, iyayen yara suna magana."

Na kira Bishir, wai jarida tana da 'yanci. Ina kokawa da kalmar "amana" ya kashe wayar.

To, mu haɗu a kotu. Can dole ya zauna shiru har in ƙarasa ta.